Ɗakin Da Na Toshe Wa Iska

Wani ɗan fito ne siriri, irin wanda yara ke yi da marfin biro. Kwanana huɗu da haihuwa na fara jin sa, ina kwance da la'asar, hadari ya haɗo daga gabas. Na ɗaga kai ina neman inda yake fitowa. Can sama kusa da silin, a bangon da ke kallon lungu, ashe akwai wasu ramuka biyu da magini ya bari, kowanne bai fi a zura hannu ba, an sa musu 'yar raga. Shekara guda ina kwana a ɗakin nan ban taɓa lura da su ba sai ranar.

Ba a kai ni gida wankan jego ba, ko da yake haihuwar fari ce. Inna, mahaifiyata, tana can Dutsi tana fama da ciwon ƙafa a lokacin, sai Hajiya, uwar mijina, ta ce ita za ta kula da ni. Gidanmu yana cikin gari, ba nisa da rijiyar Kusugu, inda gidaje suka manne da juna har kana jin tarin maƙwabci. Hajiya tana zaune bakin gado da jaririyar a cinyarta lokacin da fiton ya sake tashi. Ta kalli sama, ta ja zani ta ƙara rufe kan yarinyar, ta ce ta nan sanyi zai shigar mata.

Ba ta faɗi haka don son iko ba. Ɗanta na biyu ciwon haƙarƙari ne ya kashe shi yana wata uku, kuma har ta tsufa tana ganin wata ƙofa da aka bari a buɗe ce sanadi. Ta ce a bari maigida ya dawo ya toshe. Ni kuwa ban iya jira ba. Tana fita alwala na jawo kujera na ɗora a kan akwati, na hau da ɗanyen jikina, na yaga wata tsohuwar atamfa mai ruwan ganye gida biyu na cusa a ramukan. Washegari na dama ƙullun fulawa na liƙe su da takardar buhun siminti. Fiton ya ɗauke. Hajiya ta yi mini faɗan hawa sama, sannan ta sa mini albarka.

Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma lungu take kallo, kuma kwata ce ke bi ta ƙarƙashinta. Saboda wari da sauro da idon masu wucewa, dama ba na buɗe ta.

To, ni mace ce mai son ƙamshi. Wata maƙwabciyarmu Babarbariya ce ta koya mini haɗa turaren wuta tun ina amarya: yadda ake daka itacen, yadda ake dafa sukari har ya yi danƙo, lokacin da ake zuba farce da miski. Hannuna ya faɗa har na fi ta, ita da kanta ta faɗa. Mata in sun zo barka ko biki sai su ce tun daga zaure suke gane hanyar ɗakina, ko an rufe musu ido. Ina jin daɗin wannan magana, ba zan ɓoye ba. Kuma a raina ina ganin lada nake samu, tunda addini yana son tsafta da ƙamshi, kuma don mijina nake yi.

Kullum in na idar da sallar la'asar sai in share ɗaki, in hura gawayi a kasko, in zuba turare, in ja ƙofa in saki labule don ƙamshin ya kama. In ba a rufe ba, ai iska ce za ta kwashe, an yi asara. Yarinyar tana ciki a kan gado nake yin haka. Har kayanta nake shanyawa a kan kabbasa, wannan kwandon da ake kifawa a bisa kasko, hayaƙi yana ratsa su. Duk wanda ya ɗauke ta sai ya shinshina wuyanta ya yaba. Da magariba kuma in kunna maganin sauro mai hayaƙi in tura ƙarƙashin gado. In sanyi ya shigo, kaskon gawayi ya kwana tare da mu.

Ta kusa shekara biyu ta fara tari. Busasshe ne, ba majina, sai wani ƙugi a ƙirji kamar kyanwa tana barci. Kowa ya ji sai ya ce sanyi ne. Hajiya ta faɗa, maƙwabta suka faɗa, mai kemis ɗin bakin titi ma haka ya ce, ya ba da maganin tari na kwalba. Tunda sanyi ne, sai na ƙara rufewa. Hula, safa, rigar sanyi ko da rana ta take. Na ɗinka wani tsumma mai kauri na riƙa tare ƙasan ƙofa da shi. Hajiya ta aika aka ɗebo ruwan Kusugu ta yi addu'a ta ba ta. Ta kuma samo wani ƙullin magani na turarawa, a zuba a garwashi, a lulluɓe yarinya da bargo ta shaƙa. Ni nake riƙe ta a cikin bargon. Tana kuka tana ture ni, ina cewa ta yi haƙuri yanzu za ta warke.

Akwai abin da na gani da idona, na kuma karanta shi a juye. In tana wasa a tsakar gida lafiyarta ƙalau, har ta yi tsere da kaji. Da ta shigo ɗaki ta ɗan jima, sai tarin ya taso. Ni a lissafina, a waje take kwaso sanyin, in ta shigo ya bayyana. Saboda haka na hana ta waje. Sauran yaran gidan suna ta guje-guje, ita tana leƙen su ta gefen labule, in ce ta saki labulen nan kar iska ta buge ta.

Na yi makarantar sakandare har na gama. A aji uku malamar kiwon lafiya ta sa muka zana ɗaki mai taga biyu suna kallon juna, da kibiyoyi masu nuna inda iska ke shiga da inda take fita. Zanena ta ɗaga ta nuna wa aji. Wallahi ko sau ɗaya wannan zane bai faɗo mini a rai ba ina tsaye a tsakiyar ɗakina. Abin makaranta yana can wajen makaranta, ɗaki kuma abin da na ga manya suna yi shi nake yi.

Sau ɗaya maigida ya yi maganar asibiti, tana shekara huɗu. A gaban Hajiya ya yi. Ta ce shi ma haka ya yi ta fama da sanyi yana ƙarami, ga shi nan ƙato, yara da kansu suke bari. Ya juyo ya kalle ni. Ita 'yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa, kuma abin kunya ne uwa ta nuna rawar jiki a kan ɗan fari a gaban surukai. Na sunkuyar da kai na ce duk yadda Hajiya ta ce. Zuciyata tana cewa a tafi, bakina ya faɗi wancan. Maganar ta mutu a nan.

A shekarar ne kasuwa ta yi masa kyau. Hatsi yake saye a garin Babban Mutum da ƙauyukan wajen yana kawowa gari. Da bazara ta yi tsanani, ƙurajen zafi suka feso wa yarinyar a wuya da baya, sai ya sayo na'urar sanyaya ɗaki, esi, ta hannu, irin mai akwatin nan da ake zurawa a bango. Ba wurin sa ta sai gurbin taga. Aka cire tagar, aka zura ta, aka liƙe gefe da siminti. Hajiya ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo.

"Ni ina korar sanyi da garwashi, kai ka je ka sayo shi da kuɗinka," in ji ta. Ta kalli jikarta. "Ƙawata, taso mu tafi ɗakina, iyayenki sun zama Turawa."

Muka yi dariya. Aka yi sulhu a kan da rana kawai za a kunna, in an kawo wuta, kuma a sa wa yarinya hula. In tana aiki dole ƙofa ta zauna a rufe kar sanyin ya gudu. Na ma lura in na yi turare tana kunne ƙamshin ya fi zama, yana ta zagayawa har dare. Na ji daɗin hakan. Shekara biyu da wani abu ba wanda ya taɓa buɗe cikinta. Ba mu san ana buɗewa ba.

Ranar wata Juma'a ce, tana da shekara shida. Ta tashi da tarin tun safe, na ce ta kwanta kar ta je ko'ina. Wajen sha biyu na turara wa maigida kayan masallaci a cikin ɗakin, ya sa ya fita. Garwashin bai mutu ba, na ga kar ya tafi a banza, na ƙara turare kaɗan, na ja ƙofa na tafi madafa. Shinkafa nake tacewa na lura ban ji tarinta ba tun ɗazu. Har na ce alhamdu lillahi ta samu barci.

Da na tura ƙofar, a durƙushe na same ta a ƙasa, ta dafa bakin gado da hannu biyu. Kafaɗunta suna hawa suna sauka, ramin wuyanta yana shigewa ciki. Leɓɓanta sun yi toka-toka. Ta ɗago ta kalle ni, bakinta a buɗe, ba ta da iskar da za ta kira ni da ita.

Ban san lokacin da na saɓa ta a kafaɗa ba. Ba namiji ko ɗaya a unguwar, duk suna masallaci. Na fita lungu ba takalmi, maƙwabciyata ce ta biyo ni da mayafi ta yafa mini. A bakin titi muka samu wani mai a-daidaita-sahu da ya makara, yana ƙoƙarin kulle abin hawansa. Ya kalli yarinyar, bai tambayi komai ba ya tayar. Hanyar da ta fi kusa sahun sallah ya rufe ta, sai da muka zagaya ta bayan gari. Ina jin liman yana huɗuba ta lasifika, kanta yana lilo a hannuna, ni kuma duk addu'o'in da na haddace sun gudu, sai sunan Allah kawai nake maimaitawa.

A asibiti suka kifa mata wata roba a hanci da baki, wani inji yana turo mata magani kamar tururi, suka yi mata allura. Sai bayan la'asar launin bakinta ya dawo. Kwana huɗu muka yi.

Likitar mace ce, ba za ta girme ni ba. A rana ta biyu ta zaunar da ni tana tambaya tana rubutu. Yaushe tarin ya fara, akwai mai fuka a dangi, a ina yarinya take kwana, taga nawa ne a ɗakin. Na ce babu taga, amma akwai esi. Sai ta matso ta kama gefen mayafina.

"Wannan ƙamshin na jikinki, kullum ne?"

"Kullum ne," na ce. "Ni nake haɗawa da kaina."

Har ga Allah na zaci yabawa za ta yi, kamar yadda mata suka saba. Ta ajiye biron. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba. Ta ce yarinya fuka gare ta, mai yiwuwa da ita aka haife ta, ba wanda zai ce ga abu ɗaya da ya jawo. Amma hanyoyin numfashinta a kumbure suke, kuma shekara shida ke nan ana ba su hayaƙi safe da yamma a ɗakin da ba shi da mafita. Ta ce turare, maganin sauro, gawayi, maganin bargon nan, duk huhu bai san bambancinsu ba. Na ce mata sanyi muke gudu. Ta ce ta sani, ba ni ce ta farko ba. Ta ce kar a mayar da ita wannan ɗaki sai an gyara shi, kuma a kira mai gyara ya buɗe na'urar ya gani.

Daga asibiti Dutsi aka wuce da ita, wajen Inna. Ni na dawo gida.

Mai gyaran wani dattijo ne mai yawan barkwanci. Ina tsaye a bayan labulen ɗakin Hajiya ina hango su a tsakar gida, shi da maigida, sun zaro na'urar daga gurbinta sun fito da ita. Ya cire fuskar na'urar, ya zaro wata raga daga ciki. Ni na ɗauka fata ce. Baƙa ƙirin, mai kauri, tana danƙo kamar kwalta, ko haske ba ya ratsa ta. Da ya sa farce ya kankara, sai ta ɓanɓaro kamar ƙanzo. A ƙasan na'urar akwai wani faranti da ruwa ya kwanta a ciki, ya yi yauƙi, fumfuna ta bi gefensa.

"Alhaji, wannan ai ba esi ba ce, bututun gidan burodi ne," in ji shi. "Me kuke gasawa a ɗakin?"

Maigida bai yi dariya ba. Mutumin ya ce wannan raga bayan 'yan makonni ake zaro ta a wanke da ruwa da sabulu, aikin da yaro ma zai iya. Ya ce kuma na'urar ba sabuwar iska take kawowa ba, ta cikin ɗakin take zuƙa ta sanyaya ta dawo da ita, duk ta cikin wannan baƙin abu. Sai ya tambaya ta ina ɗakin yake shaƙar iska. Suka shiga. Na ji ana jan kujera, na ji takarda tana yagewa. Ya fito da tsumma biyu a hannu ya jefar a tsakar gida. Ɓangaren da ke kallon lungu har yanzu ana ganin ruwan ganyen atamfar. Ɓangaren da ke kallon gadonmu ya zama gawayi. Da suka janye durowar kaya, bangon bayanta ma baƙi ne tun daga ƙasa har tsayin ƙugu.

Mutumin yana jin labarin yarinyar ya daina wasa. Ya wanke komai, ya yi mata addu'a, ya tafi.

Maigida bai ce mini uffan ba, ranar ko bayanta. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Hajiya ce ta fito ta tsaya a kan tsummokaran ta daɗe. Ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, ita ta ce a toshe. Na ce ni na hau. Ta koma ɗaki. Tun daga ranar ta rage magana, abinci ma sai an matsa mata.

Na yi duk abin da aka ce. Aka cire na'urar gaba ɗaya, aka mayar da taga, aka fasa wata a bangon tsakar gida. Aka kankare bango aka yi sabon shafe. Na wanke labule, zannuwan gado, kayan sawa, wasu har sau uku. Kwalaben turarena goma sha ɗaya, maƙwabta suka ce in ba su. Na tuna kowace a cikinsu tana da yara, sai na haƙa rami a bayan gida na juye.

A Dutsi kuwa yarinya ta murmure. Gidan Inna fili ne, ga darbejiya, ga iska ta ko'ina, kuma ta sa an mayar da murhu can bayan rumbu. Aka aiko mana cewa har tana bin awaki da gudu. Bayan wata biyu muka ɗauko ta. Na yi mata alkaki, na saya mata gidan sauro sabo. A kwana na uku da hantsi na gan ta ta dafa bango tana jan numfashi da ƙyar. Abin shaƙar maganin da likita ta ba ta bai isa ba, sai da muka koma asibiti.

Likitar ta ce ƙamshin shekaru ba ya fita da wanki ɗaya, yana cikin katifa, yana cikin silin. Ga hayaƙin lungu, mai tuya a nan, injin wuta a can, wanda ba mu da iko da shi. Ta ce ƙirjin yarinyar yanzu abu kaɗan yake jira. Wasu in sun girma yana yi musu sauƙi, wasu kuma a'a, ba za ta yi mini alkawari ba. Ta ce in akwai inda ta fi samun lafiya, a bar ta can.

Aka mayar da ita Dutsi, aka sa ta makaranta a can. Ni ba halin in bi ta: ga maigida, ga Hajiya da jiki ya fara ƙi, ga ciki ina ɗauke da shi. Sai dai in je in gan ta bayan mako uku ko huɗu, in kwana ɗaya in dawo.

Zuwana na bayan nan, kayan da na saba sawa ba su bushe ba, sai na buɗe akwati na zaro wani leshi daga can ƙasa, wanda na daɗe ban sa ba. Na shinshina shi, ban ji komai ba. Hancina ya riga ya mutu a kan wannan ƙamshi tuntuni, ban sani ba.

Tana hango ni daga bakin ƙofa ta yar da ƙwaryar da ke hannunta ta sheƙo. Na durƙusa, ta faɗa jikina ta cusa fuskarta a ƙirjina. Ta yi tsawo, wuyanta ya cika. Ban kai ga gama tambayarta makaranta ba na ji bayanta ya ƙage a tafin hannuna. Ta yi tari ɗaya, ta yi na biyu, sai ƙugin ya taso. Inna ta taho da sandarta tana ɗingishi, ta janye ta daga jikina, ta ce mini in matsa, kayan nan ne, tun daga zaure ta ji su. Ta zaunar da ita a gindin darbejiya, ta ɗauko abin shaƙar daga cikin wani kwano ta sa mata a baki.

Na koma can gefe na tsaya. Na yi tunanin in shiga in canja da zanin Inna, amma ƙamshin ya riga ya kama fatata da gashina. Na ɗauki jakata, na ce wa Inna bari in koma kafin mota ta ƙare, na zo wani makon. Yarinyar tana jingine da itacen, kafaɗunta ba su gama sauka ba. Ta cire abin daga bakinta, ta jira har ta tara iskar da za ta ishe ta.

"Umma, kar ki tafi. Ki zauna can wajen turmi. Ina ganin ki daga nan."